Tayoyin da Ɓarawo Bai Isa Ya Cire Ba

A shekarar da sojoji suka tattara kakinsu suka koma bariki, kowa a Kaduna ya sami rabonsa. Wani ya sami kujerar kansila, wani ya sami bakin magana. Wilfred na Unguwar Boro mota ya samu, don shi baki da abinsa aka haife shi.

Shekara ashirin da shida ya yi yana riƙe da makullin sito a wata masaƙa ta Kakuri. Da aka sallame shi sai ya ji ana gwanjon tsofaffin motocin gwamnati, ya je ya dawo da wata doguwar jip mai benci biyu a baya, irin mai ja da ƙafa huɗu da malaman gona ke shiga daji da ita. Maƙwabcinsa Shekari, tsohon direban gwamnati, shi ma ya sayi irinta sak a gwanjon, sai dai tayoyin tasa sun suɗe kamar tafin hannu. Shekari ya shekara talatin yana tuƙi, kuma sai ka wuni da shi ba ka ji kalma goma ba. Wilfred kuwa watansa biyu da koyon mota, amma in ya zauna a teburin mai shayi, har hamadar Chadi ya taɓa ratsawa da giyar baya.

To, a shekarar ce aka zaɓi matarsa Scholastica shugabar Zumuntar Mata ta cocinsu. Kowace shekara a watan Agusta ana babban taron zumunta a ƙauyen Kurmin Gwaza, can bayan Gonin Gora, ana gasar waƙa. Doka ɗaya ce: ƙarfe sha biyu na rana ake kiran suna, ƙungiyar da ba ta amsa ba ta zama 'yar kallo. Tsakanin titi da ƙauyen kuma akwai wata fadama mai cin mota. Shekara uku a jere matan Unguwar Boro suna maƙalewa a cikinta, su isa bayan an rufe littafi, matan Makera su ɗauki garkuwar gasar suna yi musu sannu da hanya. Scholastica ta tsaya gaban mata ta yi alkawari bana ba za a sake ba, ta kuma riga ta roƙi Shekari ya kai su.

Ranar da Wilfred ya ji, cokali ya faɗi daga hannunsa.

"Maman Debby, Shekari? Ina da mota a tsakar gida za ki je ki roƙi maƙwabci? Me mutane za su ce?"

"Za su ce mun isa a kan lokaci, Baban Debby."

"Da waɗancan tayoyin nasa? Ko a kan tabarma santsi suke yi! Ki je ki ce masa an fasa. Ni zan sa wa motar nan wasu irin tayoyi da in fadama ta hango su, da kanta za ta bushe."

Ya ce haka ne saboda wata kalanda da ke rataye a shagon aski, mai hoton wata mota ta ƙasar waje wadda tayoyinta sun fi direbanta tsawo. Wata uku yana zuwa aski duk mako saboda hoton nan, alhali gashin kansa ba zai cika cokali ba. Scholastica ta yi gardama, ta yi fushi, ta ƙi yi masa miyar karkashi kwana biyu. Daga ƙarshe ta gaji, ta je ta ba Shekari haƙuri da kunya.

Ranar Litinin Wilfred ya sa hular kaboyi ya nufi Gonin Gora, rumfar Madam Christy, 'yar Filato mai sayar da tayoyin gwanjo a bakin titin Abuja. Ta san taya kamar yadda uwa ta san kukan ɗanta. Ta zagaya motar, ta durƙusa ta karanta lambar da ke jikin tayarsa, ta miƙe tana kaɗe zane.

"Oga, gaskiya tayoyinka da sauransu. Amma in sababbi kake so don taɓo, ga waɗannan huɗun. Lambarsu ɗaya da taka. Ka ga haƙoransu da tazara? In sun ɗebi laka sai su tofar. Wilinka ma, ƙarfen da taya ke zama a kai, ba sai ka canza ba."

Wilfred ya dube su a wulaƙance. "Madam, taya na ce, ba awarwaro ba."

"Babbar taya ba ita ce aiki ba, Oga. Sai ta dace da wili, ta dace da injin, ta bar wa sitiyari wurin juyawa."

"Kin taɓa zuwa Chadi?"

"A'a."

"To ki bari waɗanda suka je su yi magana."

Yana faɗin haka idonsa ya faɗa kan wasu dodanni guda huɗu a bayan rumfa, an jingine su da katanga, kaji sun yi sheƙa a cikin ɗaya. Kowacce ta kai masa ƙirji. Ya tafi wurinsu a hankali, ya ɗora hannu a kan ɗaya, sai ka ce ya ga ɗan'uwan da ya ɓata tun yaƙi.

"Waɗannan fa?"

"Na tsohuwar motar soja ce mai ɗaukar kaya. Wani ne ya ce zai yanka ya yi takalma da su."

"Takalma! Madam, sojoji sun tafi. Tayarsu yanzu ta farar hula ce, ni ne kuma farar hular."

"Abeg, Oga, ka duba wilinsu. Huda takwas ne, motarka ƙusa biyar gare ta. Ta ina za su shiga?"

"Takwas ta fi biyar ko ba ta fi ba?"

"Ta fi."

"To ragi aka yi mini ko ƙari?"

Madam Christy ta tafa hannu. Ta kira masu rumfunan kusa su zama shaida cewa ta faɗa masa. Mai gasa masara ya ce ba za su shiga ba. Mai faci ya ce ba za su shiga ba. Wani fasinja da ke jiran motar Abuja, wanda ba a ma tambaye shi ba, ya ce ba za su shiga ba. Wilfred ya saurare su duka ya gyaɗa kai.

"Na gode. Yanzu dimokuraɗiyya ake, kowa ya faɗi ra'ayinsa. Ku kori kajin nan ku ɗora mini."

Biyu aka cusa a baya, biyu aka ɗaure a kan bonet. Haka ya shigo Unguwar Boro, ya shige ta get ɗin gidan hayarsu, ya tsaya a tsakar gida yana danna ham har sai da kowa ya fito.

Washegari ya ɗauko Timothy mai walda daga Makera. Timothy ƙarfen taga da ƙofar shago ne sana'arsa, bai taɓa taɓa mota ba, amma mutum ne da duk abin da ya ga yana motsi hannunsa ke ƙaiƙayi ya liƙe shi. Ya zo da injinsa a baro da baƙin tabarau mai ido ɗaya. Aka ɗora motar a kan bulo, aka cire tsofaffin tayoyi da wilinsu. Wilfred ya hango Shekari yana leƙe ta kan katanga.

"Maƙwabci! Zo ka kwashe waɗannan awarwaron, na ba ka kyauta. Ka daina ba unguwa kunya."

Shekari ya shigo, ya shafa haƙoran tsofaffin tayoyin da yatsa, ya ce, "Na gode." Ya mirgina su gida ɗaya bayan ɗaya.

Kwana uku ana aiki. Sababbin tayoyi suka ƙi shiga ƙarƙashin madigadi, Timothy ya yanke madigadi. Suka ci gaba da gugar jikin mota, Timothy ya ƙara sifirin ya cusa katako ya ɗaga motar sama. Da aka zo maganar huda takwas da ƙusa biyar, ya yanko faffaɗan faranti na ƙarfen ƙofa, ya huda biyar a tsakiya, ya liƙe shi da wilin soja. A nan ne Shekari ya sake leƙowa.

"Baban Debby, farantin nan zai rufe 'yar murɗa."

"Wace 'yar murɗa?"

"Wadda ke cibiyar wilin gaba. In za ka shiga taɓo, sai ka sauka ka murɗa ta da hannu, sannan ƙafafun gaba su ja. In ba haka ba na baya ne kawai ke aiki."

Wilfred ya yi dariya har hular kaboyi ta zame. "Ka ji tsohon yayi! Mai irin wannan taya ba ya sauka a taɓo, maƙwabci. Timothy, rufe."

Aka rufe. Aka ɗaure notoci. Wilfred ya ja da baya yana kallon aikinsa, sai wani tunani ya faɗo masa wanda ya sa shi zufa. A unguwar nan an taɓa cire wa wani fasto taya biyu yana cikin wa'azi. Irin waɗannan tayoyin kuwa, ai ɓarayi daga Legas za su yi hayar mota su zo.

"Timothy, noti yana kwancewa ko?"

"Da sifana, yana kwancewa, Oga."

"In ka yi masa walda fa?"

Idon Timothy guda da ake gani ya yi haske. "Oga, ko mai motar bai isa ba."

"Haka nake so."

Timothy ya liƙe notoci ashirin, ya ƙara zagaye kowane wili da walda don albarka. Scholastica ta tsaya bakin kicin da ludayi a hannu tana kallon tartsatsi. Ta ce, "Baban Debby, in ta yi faci fa?" Ya ce tayar soja ba ta faci, ta koma kan tukunyarta.

Ranar Asabar ƙarfe bakwai na safe mata goma suka hallara cikin ankon zumunta, fari da shuɗi, an sha guga. Suna ɗauke da tulunan kiɗa uku da caki. Wahala ta farko, motar ta yi tsawon da ba mai iya ɗaga ƙafa ta shiga. Aka kifa turmi, ana hawa ɗaya bayan ɗaya, ana turawa ta baya ana kiran sunan Yesu. Wilfred ya hau, ya gyara madubi, ya tayar da injin, ya nufi get.

Ƙarar da aka ji har a bakin kasuwa an ji ta.

Get ɗin gidan yana da linta ta siminti a sama. Da tsofaffin tayoyi motar ta shigo ta ƙarƙashinta salin-alin. Yanzu rufin ya fi lintar tsawo da kusan taƙi guda. Wilfred ya sauko ya dubi linta, ya dubi mota, ya sake duban linta.

"Wa ya rage tsawon get ɗin nan?"

"A cire tayoyin mana, a fitar da ita, a mayar," in ji wata daga cikin mata.

Kowa ya dubi notocin da aka yi wa walda. Scholastica ta juyo ta kalli mijinta kawai.

"Ƙaramin abu ne," in ji Wilfred. "A kawo guduma. Linta ce, za a sake wata."

Sai ga Mama Talatu, mai gidan, ta fito da taɓarya. Tsohuwa ce gajera, amma tun da mijinta ya rasu ba ɗan hayar da ya taɓa jin daɗin yi mata gardama. A jikin lintar nan akwai sunan marigayin, da yatsarsa ya rubuta tun siminti yana ɗanye.

"Wa ya ce guduma?"

"Mama, ki yi haƙuri, yanzu mulkin farar hula ne. Mu kaɗa ƙuri'a. Masu son a fasa su ɗaga hannu."

Hannunsa kaɗai ya tashi.

"A waje ne ake farar hula," in ji Mama Talatu. "A gidan nan har yanzu soja ke mulki, ni ce kuma sojan. Ka taɓa sunan Joseph ka gani."

Ƙarfe takwas ta wuce. Wani ya ce a sace iskar tayoyin, Wilfred ya ce dama abin da yake shirin faɗa ke nan. Aka sace iska, motar ta durƙusa, amma da saura kaɗan. Aka ce a ƙara nauyi. Duk wanda ke tsakar gida aka tura shi ciki: mai wanki, mai sayar da koko da bokitinta, wani baƙo da ya zo tambayar ɗakin haya. Mama Talatu da kanta ta hau bonet ta zauna da taɓaryarta don ta sa wa linta ido. Motar ta rarrafa ta fita tana kankare fenti, unguwa ta ɗauki tafi. Wilfred ya leƙo ta taga yana ɗaga hannu biyu kamar wanda ya ci zaɓe.

Sai dai yanzu tayoyi huɗu ba iska. Aka ja ta faƙat-faƙat zuwa wurin mai faci na bakin layi, aka tarar an ɗauke wuta, injinsa ba ya aiki. Abin da ya rage famfon keke ne. Duk wanda ya taɓa hura tayar soja da famfon keke ya san abin da ake kira tuba. Matan zumunta suka tuɓe ɗankwali suka ɗaura a ƙugu, suka yi layi, kowacce bugu hamsin. Wilfred yana tsaye da hannu a aljihu yana bayani.

"Ku lura, iskar hannu ta fi ta injin lafiya. A Chadi ita muke amfani da ita."

"Baban Debby," in ji Scholastica tana haki, "in ka sake cewa Chadi, da famfon nan zan hura ka."

Goma saura kwata suka hau titi. Motar tana tafiya tana rangaji, tayoyi suna gurnani, masu acaɓa suna bin ta a baya don kallo. Mutane suna fitowa daga shaguna. Wilfred ya ji daɗi ƙwarai, ya saki hannu ɗaya yana gaisuwa. Daɗin ya ƙare a kwanar da ake juyawa a hau titin Abuja. Ya murɗa sitiyari, sitiyari ya tafi kaɗan ya tsaya, don tayoyin sun tokari ƙarfen mota. Motar ta miƙe sak ta nufi teburin mai lemo. Ya ja birki, ya koma baya, ya murɗa, ya matso. Sau bakwai yana gaba yana baya, motoci sun yi layi har ba a ganin ƙarshensu.

"Malam, jirgin ƙasa kake tuƙawa?" wani direban bas ya yi ihu.

"Babbar mota ba ta juyawa da gaggawa!" Wilfred ya mayar masa. "Je ka tambayi soja!"

Da suka zo wucewa ta Gonin Gora, Madam Christy ta fito bakin rumfa. Ta ga madigadin da aka yanke, ta ga farantin ƙofa, ta ga walda. Ta ɗora hannu biyu a ka, ba ta ce komai ba. Wilfred ya danna mata ham sau uku.

"Kun gani? Mamaki ya hana ta magana."

Sha ɗaya da kwata suka sauka daga kwalta suka iso bakin fadama. An yi ruwa kwana biyu, hanyar ta zama kunu. A tsallake ana hango rumfunan taro, ana jin lasifika tana gwaji. Manoma da ke ciran gwaza suka miƙe suna kallo. Wani dattijo a cikinsu ya nuna gefen dama da fartanya.

"Ɗana, ka bi ta nan gefe, akwai tsakuwa a ƙasa. Tsakiyar rami ne."

"Baba, na gode da ra'ayinka. Gefe na masu ƙananan taya ne."

Ya gyara hula, ya ja ƙaramar giyar nan ta taimako da ƙarfi yadda ya ga Shekari yana yi, ya taka mai ya faɗa tsakiya. Taku goma motar ta yi da kyau. A na sha ɗaya ta tsaya. Tayoyin baya suka shiga juyawa suna haƙa, na gaba kuwa suna tsaye ƙyam kamar baƙi a wurin biki. Injin da aka yi don ƙananan tayoyi ya yi kuka, ya yi tari, ya fara hayaƙi.

"Baban Debby, na gaba ba sa juyawa!"

"Suna jiran lokacinsu ne."

"'Yar murɗar nan da Shekari ya faɗa!"

Wilfred ya sauko. Mai irin wannan taya da ba ya sauka a taɓo ya nutse har gwiwa. Ya lallaɓa zuwa wilin gaba, ya tarar da farantin Timothy a liƙe, sumul, ko allura ba za ta shiga ba. Ya ƙwanƙwasa shi da makulli. Ya roƙe shi. Ya ciro takalmi ɗaya daga laka ya buga masa.

"Mata, ku sauko ku ɗan taɓa ta kaɗan. Turi ɗaya ne."

Suka sauko cikin fararen ankonsu suka jeru a baya. Ya koma ya taka mai iya ƙarfinsa. Manyan haƙoran soja suka ɗebi fadama suka watsa musu daga kai har ƙafa. Da hayaƙi ya lafa, mata goma suna tsaye launi ɗaya, sai idanu kawai ake gani. Motar kuma ta zauna a kan cikinta.

A daidai lokacin aka ji waƙa daga baya. Wata jip ce ke tahowa a hankali, cike da mata cikin anko ja, suna kaɗa tulu. Matan Makera ne. Da Scholastica ta fasa, su suka ɗauki Shekari. Ya tsaya a bakin fadama, ya sauko, ya murɗa 'yar murɗar dama, ya zagaya ya murɗa ta hagu, ya gaida dattijon, ya bi gefen da aka nuna masa. Motar ta wuce su tiɓis-tiɓis, siraran tayoyinta suna ɗibar laka suna tofarwa. Wilfred ya gane tsofaffin tayoyinsa ne. Akwai ma wadda ya taɓa ɗiga wa fenti.

"Sannunku da hanya, Unguwar Boro!" matan Makera suka haɗa baki. "Bana ma a nan za ku yi taron?"

Scholastica ta share laka daga agogonta. Sha biyu saura minti ashirin da biyar. Ba ta yi ihu ba, ba ta zagi kowa ba. Hawaye ne suka zubo suka yi layi biyu a cikin taɓon fuskarta. Wilfred ya gani. Kunya ta kama shi sosai.

Ba a yi minti goma ba sai ga jip ɗin ta dawo babu kowa a ciki. Shekari ya tsaya a kan tsakuwa ya buɗe ƙofar baya.

"Maman Debby, ku shiga."

Suka kwashi tuluna suka shiga a guje, ba a nemi turmi ba. Wilfred ya taho shi ma da takalmi ɗaya a hannu. Scholastica ta ja ƙofa.

"Ka zauna ka tsare tayoyinka, kada a sace."

Haka ya hau bonet ya zauna shi kaɗai a tsakiyar fadama, manoma suna cin gyaɗa suna kallonsa. Iska tana kawo masa muryar lasifika tar. Ya ji an kira Makera, sun amsa. Ya ji an kira wasu. Sannan aka ce, "Unguwar Boro!" Shiru. "Unguwar Boro, karo na biyu!" Ya miƙe tsaye a kan bonet. Sai ya ji muryar matarsa daga nesa, tana haki: "Muna nan!" Filin ya ɗauki sowa, daga baya sowar ta koma dariya, da alama an ga ankon.

Da layinsu ya zo, ba waƙar da suka yi wata biyu suna koyo suka rera ba. Sabuwa ce fil, a bayan motar Shekari aka haife ta. Tulu ya ɗauka, Scholastica ta ba da baiti, mata suka amsa:

"Ya dogara ga taya, ya ƙi jin shawara,
Baban Debby, ina ka kwana?
Ubangiji ka ba mu sauƙin kai,
Kada mu liƙe abin da za mu kwance."

Kafin a kai baiti na uku duk filin ya ɗauka, har da matan Makera. Manoman fadama ma suka ajiye gyaɗa suna tafi. Dattijon ya matso ya tambaye shi ko ya san Baban Debbyn nan da ake faɗa. Wilfred ya ce sunan dai ya yi masa kama da wanda ya taɓa ji.

Da yamma garkuwa ta iso inda yake a cinyar Scholastica. Wannan karon an tsaya an ɗauke shi, ya zauna a baya tsakanin tuluna, ba wanda ya ji labarin Chadi har gida.

Ruwa ya sake sauka kwana huɗu. Ranar ta biyar aka sami tarakta da za ta jawo motar, rabin unguwa suka bi don kallo a motar Shekari da acaɓa. Har Timothy ya zo, har Madam Christy ta rufe rumfa ta biyo su. Da suka iso bakin fadama suka tsaya suna kallon motar.

Babu batir. Babu fitilu. Babu kujeru, babu benci, babu ƙofofi, babu lagireto. Injin ma an kwance shi an tafi da shi, har madubin da yake gyara hula a ciki. Abin da ya rage ƙarfen gindin mota ne tsirara, da tayoyin soja huɗu a tsaye cikin laka. A jikin notocin ana ganin inda aka sa sifana aka sha wahala aka haƙura.

Scholastica ta kama hannun mijinta, don ta zaci faɗuwa zai yi. Wilfred ya zare hannunsa a hankali. Ya shiga taɓon har gwiwa, ya zagaya tayoyin ɗaya bayan ɗaya yana shafa waldar. Sannan ya juyo ya fuskanci jama'a, ya tura hular kaboyi baya, fuskarsa tana sheƙi.

"Ku matso ku gani da idonku! Me na gaya muku? Ko noti ɗaya ba su iya cirewa ba!"